Tambayoyinku: Wa Ke Da Alhakin Bauta?

Tambaya: Malam, ni ɗan Mai Wurno ne ta Sudan. A kasuwar Sinnar wani ya kira ni "abid", wato bawa da Larabci, na kwana da ciwon maganar. Amma a gida kakata ta hana ni auren yarinyar da nake so, wai kakanninta cucanawa ne, wato 'ya'yan bayi da aka haifa a gidan ubangijinsu. Laifin wa ke nan, Larabawa ko mu?

Amsa: Ɗana, wasiƙarka ta taɓa ni. Ni ma an jefe ni da wannan kalmar a Jidda ina saurayi, har yau ban manta ba. Ƙarya aka yi maka. Mutanen Mai Wurno muhajirai ne, sun biyo ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903. Gaskiya ne kuma an sayar da wasu mahajjata a Hijaz, Saudiyya ba ta haramta bauta ba sai 1962.

Sai dai mu ma hannunmu ba wankakke ba ne. Daular Sakkwato ta cika rinjoji da bayi suna noma. An sayar da mutane a Kasuwar Kurmi ta Kano, an ƙetara da su Sahara zuwa Tarabulus. Kalmomin murgu (kuɗin da bawa ke biyan ubangijinsa don ya yi aikin kansa) da cucanawa Hausa ce, ba baƙo ya kawo su ba. A Arewacin Najeriya sai 1936 doka ta soke bautar gaba ɗaya.

Kada ka ɗaga wa Hajiya kakarka murya. Ka zauna kusa da ita, ka faɗa mata abin da aka kira ka a Sinnar da yadda ka ji. Sannan ka nemi limamin unguwarku ya tuna mata Bilal.