Filin Tambaya da Amsa: farare, rawaya da masu sojan gona a dangin malam-buɗe-littafi

Tambaya, daga wata malamar firamare a Aboabo, Kumasi: Salamu alaikum Malam. Mun kai yaran ajinmu dajin Bobiri, a bakin hanya inda ruwa ya kwanta muka ga malam-buɗe-littafi sun fi hamsin sun taru a kan laka, wasu farare wasu rawaya. Wata yarinya ta ce fararen mata ne rawayan maza, wani yaro ya ce ƙarya ne ba danginsu ɗaya ba. Suka juyo suna kallona, ni kuma wallahi sai na ce a bari mu koma gida. Dan Allah a fitar da ni kunya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, ai kin yi dabara, da ni ne ƙila in yi ta kame-kame. Toh yaran nan biyu kowa ya taɓo gaskiya kowa kuma ya kauce mata.

Dangi dai ɗaya ne. Masana suna kiran gidan nasu Pieridae, akwai iri kusan 1,100 a duniya, kuma an raba gidan ɗaki huɗu. Ɗakin farko shine na farare, Pierinae, su ne suka fi yawa, sun fi rabin gidan. Na biyu na rawaya, Coliadinae. Na uku masu kwaikwayo, Dismorphiinae, wani ɗalibi ya tambaya a kansu a ƙasa sai ki duba. Na huɗu ɗan ƙaramin ɗaki ne kuma namu ne na Afirka kaɗai, Pseudopontiinae, wani farin abu mai fukafukai zagayayyu kamar takardar da ake gani ta cikinta, yana yawo a hankali a cikin kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ƙahonninsa babu ɗan ƙullutun nan na ƙarshe da sauran suke da shi, shi ya sa aka daɗe ana gardama ko ma ɗan faɗa-wuta ne irin na dare. An fi shekara ɗari ana ɗaukarsa iri ɗaya tilo sai da aka zo gwajin ƙwayar halitta aka ga ashe iri-iri ne suka yi kama.

Amma fa kar sunan ɗaki ya ruɗe ki, a ɗakin farare akwai mai rawaya, a ɗakin rawaya akwai fari fat. Babban misali shine wanda nake kyautata zaton kun gani a kan lakar, Catopsilia florella, mai ɗan girma mai saurin tashi, ba ya zama wuri ɗaya. Namijin fari ne mai ɗan ratsin kore-kore, macen kuma wata rawaya wata fara, kuma duk da farin namijin a ɗakin rawaya aka rubuta shi. Kinga yarinyar nan ta kusa, sai dai ta juya abin. Ƙananan nan kuwa masu ruwan ɗorawa da baƙin baki-baki da suke tashi ƙasa-ƙasa cikin ciyawa, Eurema kenan, mace da namiji duk rawaya ne, ba ruwansu da wancan.

To in launi ba ya raba gardama me ake dubawa? Ƙafa, da jijiyoyin fiffike, da abin da tsutsar take ci. 'Yan gidan nan ƙafa shida suke takawa cif, kuma kowane farcen ƙafa a tsage yake biyu, alhali wani babban gidan da ake kira Nymphalidae ƙafafun gaba sun ƙanƙance sai ki ga kamar huɗu gare su. In tsutsar za ta rikiɗa kuma ba ta rataya kai ƙasa, ɗamara take yi da zaren siliki a tsakiyar jiki ta jingina da reshe. Abinci kuwa nan ne abin ya fi birge ni, na ɗakin rawaya galibi dangin wake suke ci, je ki duba ganyen tafasa ko rai-ɗore a bayan makaranta za ki ga koriyar tsutsa kwance a kan jijiyar ganye, ta Catopsilia ce. Na ɗakin farare kuma galibi dangin kabeji da gasaya da anza, tsirrai masu ɗan yaji-yajin nan da yake korar yawancin ƙwari, su cikinsu ya san yadda zai kashe dafin.

Shi kansa farin da rawayan wani sinadari ne da ake kira terin, ɗan'uwan abin da jiki yake fitarwa ne a matsayin ƙazanta, wani Bature ɗan Ingila Frederick Gowland Hopkins ya fara bincikensa a fukafukan nan tun wajen 1889, shine daga baya ya ci kyautar Nobel a 1929 kan bitamin. Wato da abin zubarwa suka yi kwalliya, Allah mai iko.

Taron kan laka kuma kusan duk maza ne. Gishiri suke tsotsa, wanda ruwan fure ba shi da shi sosai, in sun sadu da mace su ba ta wani kaso ya taimaki ƙwai. Shi ya sa har inda akuya ta yi fitsari za ki gansu. Ki faɗa wa yaran wannan, na san za su yi dariya.

Tambaya, daga wani mai lambun kabeji a gefen Kumasi: Malam tsutsa ta gama min da kabeji, ganye duk huji. Ina ganin fararen malam-buɗe-littafi suna yawo a lambun, ɗana ya duba a waya ya ce su ne. In na kashe su zan huta?

Amsa: Sannu Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ɗanka ya karanta gaskiya amma gaskiyar wata ƙasa ce. Farin da ya yi suna wajen cin kabeji, Pieris rapae, ɗan Turai da Asiya ne, ya bi jirgin ruwa ya shiga Kanada wajen 1860 ya mamaye Amurka, intanet kuma cike take da labarinsa saboda masu rubutun can suke. Mu nan Gana wanda ya fi addabar kabeji wani ɗan mitsitsin faɗa-wuta ne mai ruwan toka, Plutella, tsawonsa bai kai santimita ɗaya ba. Ka ɗaga ganye ka taɓa tsutsar, in ƙarama ce koriya ta yi wutsil-wutsil da baya ta sulale ta rataya da zare, to shine ɓarawonka ba masu farar riga ba. Kuma yana saurin sabawa da magani, in kana ta fesa iri ɗaya kuɗinka kawai kake zubarwa, ka nemi malamin gona na yankinku ya ga ganyen da idonsa.

Tambaya, daga wani ɗalibin sakandare a Asawase: Malam a littafinmu na kimiyya an ce akwai malam-buɗe-littafi masu kwaikwayon wasu. Ta yaya ƙwaro zai san kamannin wani har ya kwaikwaya? Kuma muna da su a nan ko sai ƙasar Turawa?

Amsa: Yauwa ɗana, wannan tambayar ita na fi so a wannan watan. Ka fara cire kalmar sani daga ranka, ƙwaron bai san komai ba, bai taɓa ganin kansa a madubi ba. Tsuntsu ne yake aikin.

Ga yadda abin yake. Akwai wasu da tsutsarsu ko su kansu suke tara guba daga tsirrai, tsuntsu in ya ci ɗaya ya yi amai ba zai ƙara kusantar mai wannan zanen ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. To a cikin masu daɗin ci, duk wanda aka haifa da ɗan kama da mai gubar ko yaya ne, tsuntsu zai ɗan yi shakka ya ƙyale shi, shi zai rayu ya hayayyafa, wanda bai yi kama ba a cinye, a haka a haka shekaru dubbai har kamar ta zama kamar an tsaga kara. Sojan gona ne amma ba shi ya ɗinka kakin ba.

Wanda ya fara gano wannan Henry Walter Bates ne, ɗan Ingila, ya tafi kurmin Amazon a Barazil a 1848 tare da Alfred Russel Wallace, shi ya zauna shekara 11 sai 1859 ya koma da halittu iri fiye da 14,000. Yana jera abin da ya kamo sai ya ga wasu masu dogayen fukafukai da zanen baƙi da ruwan lemo da rawaya, wasu ma fiffiken kamar gilas, da ya zuba su wuri ɗaya da masu guba saboda kama, da ya duba ƙafa da jijiya ashe 'yan gidan farare ne, kama da wane ba ta wane. Ya buga bayaninsa a 1862. Waɗannan su ne Dismorphiinae ɗin da na ambata wa Malama a sama, yawancinsu a Amurka ta Kudu da ta Tsakiya suke, sai 'yan kaɗan a Turai da Asiya da ake kira Leptidea, su kuma abin dariya farare ne sak ba sa kwaikwayon kowa, zumunci ne kawai ya sa su a ɗakin. Bayan Bates wani Bajamushe Fritz Müller da yake zaune a Barazil ya ƙara da cewa masu gubar ma su kansu suna kama da juna, don tsuntsu ya koyi darasi ɗaya ya wadatar wa kowa.

Wancan ɗakin babu shi a Afirka kudu da Sahara. Amma sojan gona kam muna da su har a bayan gidanku. Ka san tumfafiya, akwai wani mai ruwan lemo da baƙin kan fiffike mai ɗigon fari da tsutsarsa take cin ganyenta, Danaus chrysippus, yana tashi a hankali abinsa don ya san, au na ce bai san komai ba ko, toh don babu mai taɓa shi. Macen wani iri daban, Hypolimnas misippus, ta ɗauko kamarsa tsaf alhali mijinta baƙi ne mai manyan fararen tabo kamar ƙwai, in ka gansu tare ba za ka ce miji da mata ba ne. Haka Papilio dardanus, namijin ruwan madara mai jela, matan kuma babu jelar a yawancin wurare kuma kama-kama ne, a yankinmu an fi ganin mai baƙi da fari da ta kwaikwayi wani mai guba Amauris niavius. Ka lura mata ne suka fi yin wannan, ita ce mai ɗauke da ƙwai, ita take daɗewa a kan ganye tana neman inda za ta saka, haɗarin ya fi yawa a kanta. Duk waɗannan da na lissafa ba 'yan gidan farare ba ne fa kar ka rubuta haka a jarrabawa.

A cikin fararen namu kuwa akwai Mylothris, fari mai jerin baƙaƙen ɗigo a bakin fiffike da ɗan ruwan lemo a gindinsa, yana tashi a sanyaye kamar mai jin barci. Masana suna ganin ba shi da daɗin ci, kuma wasu farare na Belenois da Appias sun ɗauko irin ɗigonsa. Ni kaina na sha kamawa da hoto in ce shine, sai na zo gida na duba in ga ba shi ba.

Tambaya, daga wani dattijo a Sabon Zongo mai gonar koko: Malam jikana ya ce min wai akwai malam-buɗe-littafin da babu shi ko'ina a duniya sai Gana. Gaskiya ne ko zancen yara?

Amsa: Gaskiya ne Baba, ranka ya daɗe, kuma yana da alaƙa da gonarka. Ƙasar nan tana da iri sama da 900, Bobiri kaɗai da ke kusa da Kubease a hanyar Ankara ana lissafa kusan 400. Wanda jikanka yake nufi ina jin Mylothris atewa ne, an ba shi suna a 1980, kuma a tsaunukan Atewa kusa da Kibi aka san shi, dajin nan da ake ta ja-in-ja a kansa saboda ma'adinin da ake yin alminiyam da shi, ga kuma 'yan galamse, masu haƙar zinariya ba bisa doka ba, a gindinsa. In dajin ya tafi ba shi da wani gidan da zai koma.

Alaƙar kuwa ita ce 'yan Mylothris kauci tsutsarsu take ci, kaucin nan mai jan fure da yake hawa bishiyar koko yana shanye ta, wanda Tonawa suke kira nkranpan. In ka ga fari mai ɗigo-ɗigo yana shawagi a saman bishiyoyinka, ka ɗaga kai da kyau akwai kauci a kusa. Ba wai za su cinye maka shi ba ne Baba, cinsu bai taka kara ya karya ba, sai dai ka sa yara su hau da adda su sare reshen kamar yadda aka saba.