Tirelar kwana da hanyar Darwin: amsoshin wasiƙunku

Wasiƙu huɗu ne suka taru mini a wannan makon, dukkansu daga 'yan'uwa mazauna Ostireliya, kuma duk kan abu guda: ratsa ƙungurmin dajin tsakiyar ƙasar da tirelar kwana. Ga wanda bai taɓa ganin ta ba, ɗaki ne mai taya da ake ɗaura wa mota a baya, da gadaje da wurin girki da tankin ruwa, wata har da bayi. Sunan da Turawa suke kiran ta da shi, wato caravan, shi ne sunan da suke kiran ayarin raƙuma. Ni kuwa a ganina sunan ya dace, domin abin da yake damun madugu tsakanin Agadas da Bilma shi ne yake damun mai wannan tafiya: nauyin kaya, da nisan da ke tsakanin ruwa da ruwa.

"Malam, ina aiki a wani asibiti a Adelaide. Na tara hutun mako shida, ina so in kai iyali Darwin mu dawo, ni da uwargida da yara uku. Motata Toyota Kluger ce. Na ga wata tirela ta hannu mai gado biyar da bayi a ciki, a jikin farantinta an rubuta kilo 2,500. Mai ita ya ce motata za ta ja ta lafiya lau. In saya?"

Ɗan'uwa, kada ka saya. Mai ita so yake ya rabu da ita, kuma ba shi ne zai gangara tudu da yara uku a kujerar baya ba. Kluger, wadda muka sani a gida da Highlander, iyakar abin da kamfanin ya yarda ta ja shi ne kilo 2,000, shi ma idan tirelar tana da birkinta. Wancan 2,500 da ka gani a faranti, wanda ake rubuta wa ATM a gefe (ba na cirar kuɗi ba), shi ne nauyin da tirelar za ta iya kaiwa idan an cika ta. Ka ga tun kafin ka fita daga unguwa ka zarce da kilo 500. 'Yan sanda suna iya tsayar da kai su auna, kamfanin inshora kuma yana iya juya maka baya ranar da ka fi bukatarsa.

Akwai wani lissafin da mutane suke mantawa, ko masu manyan motoci irin Land Cruiser da Ranger da aka rubuta musu kilo 3,500. Tirela ba jan ta kaɗai mota take yi ba, tana ɗauke da wani ɓangare nata a kan ƙugiyar baya, galibi kusan kashi ɗaya cikin goma. Wannan nauyin daga rabon kayan motar ake cire shi. A ce motarka ta yarda da kaya kilo 600. Ƙugiya ta ci 200, ku biyar kun ci 280, saura 120. Ka saka firji, da akwatin kayan gyara, da jarkar ruwa biyu masu lita 20 (kowace lita kilo ɗaya ce cif), shi ke nan an gama, ba a ma zo kan jakar Hajiya ba. Saboda haka kafin ranar tashi ka loda komai yadda za ku tafi, kowa ya shiga, ka nufi sikelin manyan motoci na gwamnati ko na 'yan kasuwa a auna ku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kuma tuna duk tirelar da ta wuce kilo 750 doka ta ce sai da birki, kuma yawancinsu birkin lantarki ne, sai an ɗaura wa motarka na'urar sarrafa shi a kusa da sitiyari.

To me za ka yi? Tafiya ɗaya ta mako shida ba ta kai a zuba dukiya a kan abin da zai zauna a ƙofar gida wata goma yana cin kuɗin rajista da inshora ba. Ka yi hayar ƙaramar tirela mai rufin da ake ɗagawa, wadda cikakken nauyinta bai wuce kilo 1,600 ko 1,700 ba. Ko kuma, wanda na fi so wa mai yara ƙanana a tafiyar farko, ka tafi da motarka kawai, ku riƙa kama ɗaki a zangunan masu tirela, don kusan kowane zango yana da ƙananan ɗakunan haya da wurin girki. Idan kun dawo uwargida ce ta fara cewa yaushe za a koma, sai a yi maganar saye. A lokacin ma ka fara bincika lambar tirelar a rajistar gwamnati ta PPSR, kuɗin kaɗan ne, don kada ka sayi kaya da bashin wani a kansa. Ka buɗe kowace durowa ka shinshina, warin danshi alamar yoyo ce, yoyo kuwa ruɓar katakon ciki ne. Tayoyin ma kada kyan haƙoransu ya ruɗe ka, tirela tana tsufa a tsaye. Lambobi huɗu na gefen taya suna gaya maka mako da shekarar da aka yi ta.

"Hutun makaranta mai tsawo a Disamba da Janairu yake. Ba sai mu bari sai lokacin ba?"

Wannan daga wani malamin jami'a ne, kuma na fahimci matsinsa. Amma Malam, lokacin nan ne mafi muni a duk shekara, ta fuska biyu. A tsakiyar ƙasar bazara ce ta gaske, zafi yana wuce digiri 40 kwana da kwanaki. A Oodnadatta, gabas da hanyar da za ka bi, an taɓa auna digiri 50.7 a Janairun 1960. Kada ka ce ai mun saba da rana a Sakkwato ko Maiduguri. A gida idan mota ta mutu, kafin awa ɗaya ga mai babur, ga mai ruwan leda, ga inuwar wani. A can sai ƙudaje. A arewa kuma, daga Katherine zuwa Darwin, damina ce daga Nuwamba zuwa Afrilu, ruwa yana shafe hanyoyi, ana rufe wurare da yawa na gandun Kakadu. Lokacin tafiya daga Mayu ne zuwa Satumba. Ka haɗa hutun tsakiyar shekara da 'yan makonnin da za ka roƙa wa yara a makaranta. Sai dai ka ɗauki bargo mai kauri, don sanyin daren Yuli a Alice Springs yakan sauka har ƙanƙara ta kwanta a kan gilashin mota, kuma ka kama wuri a Yulara, kusa da dutsen Uluru, tun da watanni, domin tsofaffin 'yan fansho masu yawo da tirela duk a lokacin suke cika hanya.

Hanyar ita ce Stuart, kwalta ce tun daga Port Augusta har Darwin, sama da kilomita 2,700, ka ƙara 300 na Adelaide zuwa Port Augusta. Mai ba ya yankewa, amma gidajen man suna da nisa da juna, kuma wuri guda nake so ka rubuta a tafin hannu: daga Glendambo zuwa Coober Pedy kusan kilomita 250 ne babu famfo ko ɗaya. A nan na taɓa shiga uku. Na taso da abin da na ɗauka ya isa har da rara, sai iska ta taso daga gaba, tirela kuwa kamar bango take a gaban iska. Ina kallon allurar mai tana sauka kamar ana tsiyaye tankin, na kashe na'urar sanyi, na rage gudu zuwa 80, muka shiga Coober Pedy fitilar mai tana ci, a motar ba mai cewa uffan. Tun daga ranar ba na wuce gidan mai idan tanki ya kai rabi, ko da tsadarsa ta sa ni tsaki. A yankin Alice Springs da Uluru za ka ga fetur mai suna Opal ko makamancinsa, wanda aka rage wa ƙamshi don hana yara shaƙa. Ba gurɓatacce ba ne, motar da ke shan fetur na yau da kullum za ta sha shi.

Kilomita 400 zuwa 500 a rana sun ishe mai jan tirela. Ka tashi bayan rana ta fito sosai, ka sauka kafin la'asar ta yi sanyi, domin da asuba da almuru ne kangaru da shanun da ba su da shinge suke fitowa kan kwalta. Manyan motocin can kuma ba irin namu ba ne: kai ɗaya yana jan tirela uku, tsawonsu yakan kai mita 53. Kada ka yi gigin wuce su da tirela a bayanka. Ka sayi ƙaramin rediyon UHF, direbobinsu suna tasha ta 40, idan ɗaya ya taho a bayanka ku yi magana, ka riƙe gudunka yadda yake har sai ya fita gefe sannan ka sassauta.

"Mu daga Perth za mu taso. Maigida ya ce wayoyinmu sun isa, kuma a dawowa za mu yanke ta hanyar ƙasa daga Uluru don a rage nisa. Hankalina bai kwanta ba. Me za mu saya don tsaro?"

Hajiya, hankalinki ya fi taswirarsa gaskiya. Hanyar da yake nufi ita ce Great Central, daga wajen Uluru zuwa Laverton, sama da kilomita 1,000, mafi yawanta jar ƙasa mai kurji da ke kwance sukurori tana fasa bututun ruwan tirela. Tana ratsa ƙasar 'yan asalin wurin, sai an nemi takardar izinin wucewa tun kafin a shiga. Idan motar kwana ta haya ce, ki karanta yarjejeniyar: yawancin kamfanoni sun hana sauka daga kwalta, wanda ya sauka kuma inshorarsa ta faɗi. A tafiyar farko ku bi hanyar Eyre ta filin Nullarbor, kwalta ce, a nan ne ma za ku ga miƙaƙƙen titin nan mai kilomita 146 babu kwana ko ɗaya tsakanin Balladonia da Caiguna. Ki dai sani ana binciken kayan marmari da ganye a Ceduna idan za ku gabas, da kuma a kan iyakar jiharku idan kuna dawowa, inda har zuma ake karɓewa. Kada ki cika firji da tumatir da attarugu ki zo ki zuba su a kwandon ma'aikata.

Waya kuwa, layin Telstra ne ya fi kaiwa nesa, amma shi ma a garuruwa da wasu gidajen mai yake kamawa, tsakaninsu shiru. Abin da zan ce ki dage a saya shi ne 'yar na'urar neman agaji da ake kira PLB, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Ana yi mata rajista kyauta da AMSA, hukumar ceto da tsaron teku ta ƙasar, ba ta bukatar kati ko kuɗin wata, idan aka kunna ta tauraron ɗan'adam ne yake kai wa masu ceto wurin da kuke. Don ranar da rai ke cikin hatsari aka yi ta, ba don taya ta fashe ba. Wayar tauraro ko Starlink ƙari ne ga mai hali, ko mai ciwon da zai so ya yi magana da likitocin jirgin sama na Royal Flying Doctor, waɗanda suke wannan aiki tun 1928. Sai ruwan sha na ajiya a jarkoki daban da tankin tirela, don tanki ɗaya dutse ɗaya ne yake huda shi, da safaya ta mota da ta tirela, da wani ɗan'uwa a Perth wanda ya san inda za ku kwana kowane dare. Ki kuma ja wa maigida kunne tun a gida: idan mota ta mutu, ba mai barin ta ya tafi neman taimako da ƙafa. Daga sama ana hango mota, ba a hango mutum.

"Yaya batun salla da nama a hanya?"

Wannan ta wani ɗalibi ce daga Melbourne, kuma ta fi sauƙi. Nama ka saya a mahautan Musulmi na birni kafin ka tashi, ka sa a ɗaure maka shi a ledar da aka zuƙe wa iska, ka daskarar. Idan ya ƙare, kifin gwangwani da ƙwai da wake suna ko'ina. Matafiyi ne kai, kasaru ta halatta maka. Alƙibla dai ka kula, kada sabon gida ya juya ka gabas: daga can yamma ake fuskanta, a ɗan karkata arewa. Akwai masallaci a Alice Springs da Darwin. Na Alice ɗin sunan Afganawa yake ɗauke da shi, don tunawa da masu raƙuman da suka zo daga Afganistan da yankin da yake Pakistan a yau, tun daga shekarun 1860, su ne suka riƙa kai kaya cikin dajin nan kafin jirgin ƙasa ya isa Alice a 1929. Raƙuman daji da za ka iya hangowa a gefen hanya jikokin nasu raƙuman ne.

Abu ɗaya ne ba na wasa da shi. Daga Katherine zuwa arewa, kada ka tsuguna alwala a bakin kogi ko tafki, komai kyan ruwan, ko da ba ka ga allon gargaɗi ba. Kadojin can sukan kai mita biyar, kuma mai tsugune a bakin ruwa shi suke jira. Ka ɗauki butarka, ka cika ta daga jarka.