Shuka bakwit don rufe gona: shin kuɗin irin zai dawo?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan lambu, kuma na karɓi hayar gona hekta biyu domin in riƙa noma wani ɓangare na abin da nake sayarwa. Tsakanin cire amfanin farko da dashen na biyu, gonar kan zauna haka nan kusan kwana 50, ciyawa ta cika ta, kuɗin noma ya cinye mini riba. An ba ni shawara in shuka bakwit (buckwheat a Turance, wata shuka mai faffaɗan ganye da saurin girma da ake cin ƙwayarta) a wannan tsakani don ya rufe ƙasar. Shin ya dace in zuba jari a shukar da ba zan sayar ba? Ko kuwa in bar shi ya nuna, in girbe ƙwayar in sayar, in mayar da kuɗina?

Amsa: Malam, tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi, don haka da ita zan fara. A cikin kwana 50 ba za ka sami rufin gona da ƙwayar sayarwa a lokaci guda ba, dole ne ka zaɓi ɗaya. Bakwit, wanda masana tsirrai ke kira Fagopyrum esculentum, yana tsirowa cikin kwana 3 zuwa 5, ya fara fure bayan kamar wata guda, amma ƙwayarsa ba ta nuna sai ya yi kwana 70 zuwa 90 a gona. Idan ka jira ƙwayar, ka jinkirta dashenka na biyu da makonni uku zuwa shida ke nan, alhali wannan dashen shi ne tushen kasuwancinka, shi ne kuma ka san masu sayensa da lokacin da yake daraja.

Kuma ko da lokacin ya isa, cinikin ƙwayar ba abin da za a faɗa masa ido rufe ba ne. Rasha da Sin ne ke noma mafi yawan bakwit na duniya, ƙwayar tana da ɓawo mai tauri wanda sai an sa inji an ɓare shi, sannan ba ta nuna gaba ɗaya: wata na zubewa ƙasa, wata na ɗanya, wani reshen kuma bai gama fure ba. Wanda bai riga ya yi magana da mai saye ba, ya san nawa za a ɗauka da kuma irin tsabtar da ake buƙata, bai kamata ya shuka don ƙwaya ba.

Saura batun rufin gona. A littafin lissafinka bakwit zai shiga ne a layin kashe kuɗi, kusa da taki da ladan 'yan ƙwadago, kuma ribarsa ita ce abin da ya hana ka kashewa a wani wuri. Kuɗin da zai ci sun haɗa da na iri, da gyaran ƙasa, da shuka, da ban ruwa idan babu ruwan sama, da yanka shi a ƙarshe. Abin da zai rage maka, mafi girma kuma mafi sauƙin aunawa, shi ne noman ciyawa, domin faffaɗan ganyensa yana haɗe sama da wuri ya hana ciyawa samun rana, ta yadda ba za ta kai ga zubar da iri ba kafin dashenka na gaba. Tunda kukanka a kan ciyawa yake, wannan shuka ta dace da matsalarka.

Amma wannan aiki ba ya yiwuwa sai shukar ta yi kauri, kuma a nan ne 'yan kasuwa suka fi yin kuskure, saboda sabon da suka yi da rage tsadar kaya. Da injin shuka, hekta ɗaya na cin kilo 55 zuwa 65, a zurfin da bai wuce santimita 4 ba. Idan yafawa za a yi da hannu a bi da haro, sai an ƙara zuwa kilo 80 ko fiye. A hekta biyunka, bambancin hanyoyin biyu zai kai kilo 30 zuwa 50 na iri ko ma ya zarce, don haka ka kwatanta kuɗin wannan ƙarin da kuɗin hayar inji kafin ka yanke shawara. Abin da ba zan yarda ka yi ba shi ne ka sayi rabin irin da ake buƙata ka baza shi a duk gonar, domin ciyawa za ta fito ta kowace kafa, ka biya kuɗin iri kuma ka biya kuɗin noma.

Akwai amfanin da ake yawan zuzutawa, wanda ya kamata ka rage masa farashi a lissafinka. Bakwit ba dangin wake ba ne, ba ya ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, saboda haka kada ka rage takin dashenka na biyu da sunan ka shuka shi. Gaskiya ne saiwarsa tana iya tsotso fosforas (wani sinadarin abincin shuka da ke cikin ƙasa) wanda wasu tsirrai ba sa iya kaiwa gare shi, ya koma saman ƙasa idan ganyen ya ruɓe, amma wannan ɗauko abin da ke cikin gonar ne, ba ƙari daga waje ba. Yana kuma sassauta saman ƙasa ta yi laushin dashe. Sai dai karansa yana ruɓewa da sauri, ba ya barin shimfiɗa mai daɗewa da za ta tare zaizaya. Kuma tunda haya kake yi, duk wani gyaran ƙasa da sai bayan shekaru zai bayyana, mai gonar ne zai more shi, sai fa idan yarjejeniyarku mai tsawo ce. Ka ƙirga abin da zai dawo maka cikin wannan shekara kawai.

Ranar yanka ita ce za ta raba riba da asara. Ana yanke shi ko a kife shi cikin ƙasa kwana 7 zuwa 10 bayan furen farko ya bayyana, tun ƙwaya ba ta ƙosa ba. Idan aka yi sakaci aka wuce, irin zai zube, gyauronsa ya fito a tsakiyar kayan lambunka, ka koma biyan mutane su cire abin da ka saya da kuɗinka ka shuka. Kwanakinka 50 sun isa, amma babu rara: kwana biyu ko uku na gyaran ƙasa, kamar kwana 35 zuwa 40 yana gona, sauran kuma ganyen ya yi yaushi ya fara ruɓewa kafin dashe. Shawarata ita ce, ranar da ka yi shuka, a ranar za ka tsayar da magana da masu yanka ko mai tarakta, kada ka bari sai fure ya fito kowa yana cikin nasa aikin.

Wani zai ce maka ka bar furen ya daɗe don ƙudan zuma da ƙwarin da ke cin darɓa, kuma lalle suna son sa ƙwarai, zumarsa ma baƙa ce mai ƙarfin ɗanɗano. Idan kana son wannan, ka bar siririn layi a gefen gona, ka yanke sauran a kan lokaci.

Yanayin gonarka ma yana iya rushe lissafin gaba ɗaya. Saiwar bakwit ba ta zurfi, don haka ba ya jure fari, ba ya son ƙasar da ruwa ke kwanciya ko wadda ta dandaƙe, kuma sanyin da ke daskarar da raɓa yana kashe shi a dare ɗaya. A tsananin zafi yakan yi yaushi da rana ya farfaɗo da yamma, girmansa ya ragu. Ragowar wasu magungunan ciyawa, irin su atarazin, tana hana shi tashi, sai ka binciki abin da aka fesa wa amfanin farko. Kada ka mai da shi babban abincin dabbobi masu farar fata, domin yana sa fatarsu ta ƙone a rana. Idan kuma akwai alkama a tsarin nomanka, ka nisanta su, saboda ƙwayar bakwit tana tayar wa wasu mutane da borin jini mai tsanani, masu sayen alkama kuma suna ƙin kayan da ta gauraya da shi.

Saboda duk wannan, bana kada ka shuka hekta biyun. Ka ware rubu'in hekta ka shuka da cikakken adadin iri, ka bar wani rubu'in kusa da shi yadda ka saba, in da hali ka sa wani ɗan wake mai saurin girma a na uku don kwatanci. Kafin ka biya kuɗin iri, ka ɗebi ƙwaya 100 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na kwana biyar ka ƙirga waɗanda suka tsiro, domin tsohon iri yana rage ƙarfi. Daga nan ka rubuta kowane kuɗi da kowace ranar aiki da ta shiga kowane yanki, tun daga shuka har zuwa girbin dashen na biyu, da nauyin amfanin da kowanne ya bayar. Idan kuɗin noman da ka tsira da shi, haɗe da ƙarin amfanin da ka auna, sun haura kuɗin iri da shuka da yanka, baɗi sai ka faɗaɗa zuwa hekta ɗaya.