Ribar mai ƙera ƙofa a wurin kafawa take zubewa

Tambaya: Ina da shagon walda a Kano, ina ƙera ƙofofin ƙarfe. Sai na sayar, magini ya kafa, bayan sati biyu a kira ni wai ƙofa ba ta rufuwa, a riƙe mini cikon kuɗina. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Abin da ke cinye maka riba ba a shago yake ba, a jikin bango yake. Ka daina sayar da ƙofa tsurarta. Ka sayar da ita tare da kafawa, ka rubuta kuɗin kafawar daban a rasit.

Fara da awo, kuma da ƙafarka za ka je. Ƙofar ɗaki yawanci faɗin ƙafa 3 ce, tsayi ƙafa 7. Ta banɗaki ƙafa 2 da rabi. Ta falo ƙafa 4. Amma ba kowane magini ne ke barin gurbi daidai ba, don haka ka auna faɗi a sama, tsakiya da ƙasa, ka yi aiki da mafi ƙanƙanta. Duba ko bulon mai inci 6 ne ko 9. Tambayi mai gida ta ina za ta buɗe, dama ko hagu, ciki ko waje. Sannan tambayar da ake yawan mantawa: za a sa tayil? In ba ka bar masa wuri ba, ranar da aka shimfiɗa shi ƙofa za ta fara gugar ƙasa, kuma kai za a kira.

Wajen lissafi, ka jera komai: firam, falan ƙarfe, hinji, kuba da hannunta, sakata, wayar walda, fenti, man janareta, dako, ladan yara. Ƙofa mai nauyi hinji uku take so. Biyu za su saki, ta sunkuya. Ka rubuta kaurin falan, milimita 1.2 ne ko 1.5, domin wanda ya gwada farashinka da na ƙofofin China ya san abin da yake saye. Jan fenti mai hana tsatsa kafin na ado, musamman gindin firam inda ruwa ke kwanciya da damina.

Kafawar ita ce zuciyar aikin. Firam ya zo da kunnuwan ƙarfe uku a kowane gefe, waɗanda za su shige cikin bango. A tsayar da shi ƙofar na rataye kuma a rufe, an cusa siraran katako tsakaninta da firam don rata ta zama ɗaya, kamar milimita 3. A duba tsayuwarsa da ma'aunin ruwa ta fuska da ta gefe. A auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, a maimaita a ɗaya ɓangaren. In awon ya bambanta, firam ya karkace, kar a zuba komai tukuna. Sannan a tokare tsakiyarsa da katako. Rashin wannan tokari ne ke kashe ƙofofi da yawa: nauyin ɗanyen siminti yana turo firam ciki, harshen kuba ya daina shiga raminsa. A cika da kwaɓin kwano ɗaya na siminti da uku na yashi, kaɗan-kaɗan, ana ƙwanƙwasa firam don ya sauka. A bar ta aƙalla kwana 3 ba a buɗe ba, kar lebura su riƙa wucewa da baro ta nan.

Batun kuɗi kuwa, karɓi kashi 70 cikin ɗari kafin ka nufi kasuwar Ƙofar Ruwa sayen ƙarfe, ka rubuta cewa farashin na sati ɗaya ne, tunda ƙarfe ba ya zama wuri guda. Cikon a biya ranar da aka cire tokari, mai gida ya murɗa makulli da hannunsa.

In ya dage sai magininsa ne zai kafa, ba laifi. Ku gwada ƙofar tare a shago, ka ɗauki bidiyo tana buɗuwa tana rufuwa, ya biya ka duka kafin a ɗora ta a mota, a kuma rubuta cewa duk gyaran da ya taso daga kafawa da kuɗinsa.