Zauren Tambaya da Amsa: Su Wa Suka Mayar da Littafi Mai Tsarki Zuwa Hausa?

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni Musulmi ne, ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Daura, kuma ina da maƙwabci fasto wanda nakan ji yana karanta wa iyalinsa Littafi Mai Tsarki da Hausa kowace safiya. Ina so in san waɗanda suka fassara littafin da lokacin da aka yi aikin, da kuma yadda malaman coci irinsa suke samun rufin asiri. Daga wani malamin makaranta, Daura.

AMSA: Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma za ka yi mamaki idan ka ji cewa labarin ya faro ne daga kusa da ƙofarku. Asalin littafin ba da Turanci aka rubuta shi ba. Tsohon Alkawari da Ibrananci yake, in ban da wasu sassa na Daniyel da Ezra da ke cikin Aramiyanci, Sabon Alkawari kuwa da Helenanci, wato harshen Girkawa. Turancin ma fassara ce, wadda har an kashe William Tyndale a 1536 bayan ya yi ta ba da yardar hukuma ba.

Wanda ya fara ɗaukar nauyin fassarar Hausa wani limamin Kirista ne Bajamushe, James Frederick Schön, wanda ya biyo Kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Schön bai taɓa zama a birnin Hausa ba, saboda haka ya dogara ga bakin masu harshen, kuma babban malaminsa wani yaro ne mai suna Dorugu. An haifi Dorugu a ƙasar Kance, arewa da Daura, a cikin Nijar ta yau. An kama shi bauta yana ƙarami, daga baya aka 'yanta shi, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth har Ingila a 1855. A gidan Schön yaron ya zauna yana ba da labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, dattijon yana rubutawa kalma bayan kalma, yana gwada jimlolinsa a kunnen yaron. Daga wannan zama aka buga Bisharar Matiyu a 1857, Sabon Alkawari kuma ya kammala a 1880. A ganina ba a yi wa Dorugu adalci ba idan aka ambaci Schön aka bar shi, domin da ba don kunnensa da harshensa ba, aikin ba zai tsaya da ƙafarsa ba.

Cikakken littafin sai a 1932 ya fito, kuma jagoran aikin shi ne Dakta Walter Miller, likitan mishan wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus kafin ya iso Kano a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell. Sarkin Kano Alu bai amince su zauna ba, suka juya, daga baya Miller ya kafu a Zariya, mishan ɗin kuma ya koma Wusasa a 1929. Shi ma da Hausawan da ke tare da shi ya riƙa tace Hausarsa. An buga wasu sassa da ajami, an kuma sake sabunta fassarar bayan 'yancin kai.

Batun rufin asiri kuwa ya danganta da ɗarika da kuma wurin aiki. Faston ƙauye a ƙasar Malumfashi ko Kafur, inda Hausawa Kirista suke da yawa, albashinsa daga baikon masu ibada yake fitowa, wato abin da suke bayarwa a coci, kuma sau da yawa ba ya kai shi ƙarshen wata. Saboda haka da damina za ka same shi a gona da fartanya kamar kowa, da kaka kuma jama'a su kawo damman dawa da buhunan masara gaban majami'a ranar godiya, a ware masa rabonsa. Duk da haka shi ne mai ɗaurin aure, shi ne mai jana'iza, shi ake tasa da tsakar dare idan ciwo ya tsananta, matarsa kuma galibi ita ke riƙe da zumuntar mata. Irin wannan hidima tana da tarihi a nan, domin mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), wanda cocin ECWA ya fito daga cikinsa, a da ya daɗe yana jinyar kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina.

Fada na Katolika kuwa ba ya aure, yakan shafe shekaru masu yawa a makarantar horon limamai yana karatun falsafa da tauhidi, kuma bishop ne ke tura shi inda zai yi aiki, coci ya ɗauki nauyin ci da sha da masaukinsa. A 2023 ne Paparoma Francis ya ware Katsina daga Sakkwato ta zama yanki mai bishop na kanta, ya naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, a matsayin bishop na farko.