Kada ka ɗaga shi kai kaɗai

Ɗana, ka tambaye ni wai idan kana aikin dare kai kaɗai, mara lafiya ya matsa sai an kai shi bayi, ko za ka iya tayar da shi tunda kana da ƙarfi shi kuma ba shi da jiki. Da wani ne ya kawo mini wannan tambaya, da na ce ya koma ya buɗe littafinsa. Amma kalmar nan taka ta "tunda ina da ƙarfi" ta sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi, don a kanta na rasa bayana, na rasa matsayin da na yi shekara da shekaru ina wa hidima.

Lokacin ina ganiyar ƙarfina, babu wanda ya kai ni iya juya mara lafiya a sashen maza, kowa ya shaida. Aka kawo mana wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki, hannun hagu da ƙafar hagu. Sati uku muna fama da shi, ni da masu gashin ƙashi, har ya kai yana zama da kansa a bakin gado, yana taka ƙasa idan mutum biyu sun tallafe shi. Mutum biyu, haka aka rubuta a katinsa, kuma da hannuna na rubuta. Ran nan wajen ƙarfe uku na dare fitsari ya matse shi, don yana kan maganin hawan jini mai sa fitsari. Abokin aikina ya raka wani ɗakin tiyata. Na kawo wa dattijon tasar fitsari, sai ɗansa mai jinyarsa ya miƙe ya ce mahaifinsa ba zai yi a tasa ba, wulaƙanci ne, ga mu maza biyu, shi zai riƙe ɓangare ɗaya. Na ce ya jira minti goma. Ya ɗaga murya har marasa lafiya suka farka. Na dubi tsohon nan ya sunkuyar da kai don kunya, tausayi ya kama ni, na yarda.

Ban bar shi ya zauna a bakin gado jini ya daidaita ba, saboda ihun da ake mini a ka. Muka tayar da shi, taku ɗaya, taku biyu, sai wayar yaron ta yi ƙara a aljihu. Wallahi ya saki ubansa ya kai hannu aljihu. Daidai lokacin jiri ya ɗebi dattijon, gwiwar hagu ta lanƙwashe, ya cafki wuyana da hannunsa mai lafiya. Ni kuma na yi abin da kowane mai jin ƙarfi yake yi, na tare shi ina murɗe. Na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, wuta ta bi ƙafata har tafin sawu, muka zube tare. Da na dubi ƙafarsa na ga ta gajarce ta juya waje, ban jira hoto ba na san ƙashin cinya ya karye daga sama.

Tsohon bai sake takawa ba. Ni kuma guringuntsin da ke tsakanin ƙashi na 4 da na 5 na ƙuguna ya zame ya danne jijiya, na yi wata biyar a kwance. Duk wannan da na haƙura. Abin da har yau yake cin raina, yaron nan ya tsaya gaban kwamiti ya rantse wai shi yana barci, ni na fizgo mahaifinsa ba wanda ya sa ni. Babu shaida, ban rubuta komai a daren ba saboda ciwo, ga kati yana cewa mutum biyu. Aka ba ni takardar tuhuma, shugabancin sashen da kowa ya san nawa ne aka miƙa wa wani. Yaron bai taɓa zuwa ya ce mini sannu ba.

To ga amsarka, a'a. Mai jinya ba abokin aikinka ba ne, komai girman ƙirjinsa, don bai san abin da zai yi ba idan gwiwa ta saki. Idan kati ya ce mutum biyu, ma'aikata biyu ake nufi, ko injin ɗaga mara lafiya in akwai. Ka ba shi tasa, ka ja labule, ka lallashe shi da girmamawa, wanda zai zage ka ya zage ka. Kuma ka rubuta a take, da lokaci, cewa an nemi ka tayar da shi ka ƙi. Masu binciken lafiyar ma'aikata a Amurka sun auna abin a 2007, suka ce nauyin mara lafiya da ma'aikaci zai ɗauka da hannu kada ya wuce kilo 16, shi ma sai komai ya tafi daidai. Wane babba ka taɓa gani mai kilo 16? Kuma buhu ba ya suma, ba ya cafkar wuya.

Ba zan ɓata bakina a kan taka birkin keke da ɗage matakin ƙafa ba, wanda bai san wannan ba ya nemi wata sana'a. Abin da ku yaran yanzu kuke tsallakewa shi ne zaman bakin gado. Wanda ya daɗe a kwance, in ya miƙe jini yakan taru a ƙafafu, kai ya rasa. Ka zaunar da shi, ƙafafu a ƙasa, minti biyu ko uku, ka tambaye shi ko yana ganin duhu, ka dubi goshinsa ko gumi ya keto. Ka gwada jininsa a kwance ka sake a tsaye. In lambar sama ta awon ta sauka da 20 ko ta ƙasa ta sauka da 10 cikin minti uku, ya koma gado ka sanar da likita. Ku kuwa kullum sauri kuke, ido a waya, kamar ana koran ku. Na ga ɗayanku makon jiya ya tura keke robar fitsari tana ja a ƙasa, jakar kuma ya ɗora wa mutumin a cinya, fitsari yana komawa mafitsara, bai ma lura ba.

Mai shanyewar jiki kuma, keke a ɓarin da ke da lafiya ake ajiye shi, don ya juya a kan ƙafar da za ta ɗauke shi. Kada na ƙara ganin hannunka a hammatar kowa, musamman shanyayyen hannu, tsokar da ke riƙe kafaɗar ta saki, ja ɗaya ka gotar da ita, ka bar shi da ciwon da ya fi shanyewar damunsa. Ɗamara ake ɗaura masa a ƙugu, ita kake riƙewa. Hannunsa a kan katifa yake turawa ko a hannun kujera, ba a wuyanka ba. Ya matso bakin gado, ya sunkuyo har hancinsa ya zo saitin yatsun ƙafarsa, ka tokare gwiwarsa mai rauni da taka, ku ƙirga tare. Shi ke tashi, kai jagora ne kawai.

In kuwa duk da haka ya taho zai faɗi, kada ka tare shi. Ka buɗe ƙafafunka, ka jawo shi jikinka da ɗamarar, ya zame a kan cinyarka a hankali har ƙasa, kana kare kansa. Ya kai ƙasa, ka bar shi nan, ka kira a duba shi kafin kowa ya motsa shi. Wannan ba ya shiga jiki da karatu, sai an yi ta maimaitawa. Gobe ka zo kafin a karɓi aiki, ka taho da abokin nan naka mai jiki, shi zai zama mara lafiya, zan tsaya a kanku har sai na ga ka sauke shi ƙasa sau goma bayanka a miƙe.