Bashin da ba a rubuta ba shi ke hana ka barci

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, ina harkar kayan gini. Shekara 3 da suka wuce na buɗe wa ƙanina shago na biyu, na zuba masa kaya ba mu rubuta komai ba, tunda uwa ɗaya uba ɗaya muke. Yanzu diloli suna bina kuɗi, shagon nasa ya bushe, shi kuma ya ce mutane ne suka ci bashi. Barci ya ƙaurace min, abu kaɗan sai in hau iyali da faɗa, ko salla nake lissafi ne a raina. Na ƙara nafila da sadaka amma zuciyata ba ta kwanta ba, har ina tsoron ko imanina ne ya yi rauni. Wani aboki ya kawo min harkar da ake ba da ribar kashi 30 cikin 100 duk wata. In zuba abin da ya rage ko zan farfaɗo?

Amsa: Malam, Allah Ya yaye maka. Bari in fara kawar da maganar abokinka: kada ka ba da ko ƙwandala. Kashi 30 duk wata, in ana mayar da riba kan uwar kuɗi, yana nufin jarinka ya ninka sau 23 a shekara guda. Kai da ka san abin da ake samu a kan kaya bayan an cire kuɗin mota da haya da na lebura, ina ka taɓa ganin haka? Kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko da shi, ranar da layi ya tsaya kuwa wayar kowa a kashe. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Mu wuce.

Na bi wasiƙarka ina neman adadi, ban ga ko ɗaya da ya shafi kasuwancinka ba. Kayan nawa ka zuba wa ƙaninka? Nawa diloli suke binka, kuma wane ne wa'adinsa ya fi kusa? Su waye suka ci bashin, tun yaushe? Ba ka faɗa ba domin ba ka sani ba. Lissafin da ya kamata littafi ya riƙe maka, shi ƙwaƙwalwarka take ta juyawa cikin dare da cikin sujada, kuma ba za ta taɓa kai ƙarshensa ba tunda babu abin da za ta tara ko ta ɗebe.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda 'yan kasuwa suke lulluɓe wannan sakaci da rigar addini. Wai rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, wai an bar wa Allah. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma muminai take kira, mutanen da suka fi ni da kai amana. Ta ce a rubuta, wanda ake bi shi zai yi shifta, a kafa shaidu, kada a ƙosa da rubutawa ko bashin ƙarami ne ko babba. Cinikin hannu da hannu kaɗai ta ɗauke wa wannan nauyi. Sannan ta kawo dalili, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne hakan ya fi kusa da hana ku shakka. To ai shakkar ce take cinka yanzu. Kana zargin ƙaninka, kana jin kunyar zargin, ba ka da hujjar kama shi, ba ka da hujjar wanke shi. Hadisin ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali kuwa ka san shi, ba sai na maimaita ba.

Batun raunin imani, ka sauke wannan kayan daga kanka. Manzon Allah (SAW) da kansa yakan nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi a cikin addu'a guda, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Anas. Da aka tambaye shi dalilin yawan neman tsari daga bashi, sai ya ce mutum in bashi ya kama shi, zai yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Ka duba kanka da kyau: sau nawa ka ce wa dila "gobe" alhali ka san babu?

Akwai wani mai shago da ya zo min da irin labarinka, shi ɗan yayarsa ya bar wa shagon. Ya rame, ya daina ɗaga waya, ya yanke cewa yaron ya sace rabin jari, har gaisuwa ta yanke tsakanin gidajen biyu. Na sa aka rufe shagon aka ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya, aka zauna da yaron yana tuno sunaye ana rubutawa a bayan kwali. Giɓin da aka samu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, mafi yawansa kuma bashi ne a hannun mutanen da shi mai shagon ya aiko da baki a ba su kaya. Wani kuma da ya ƙi ƙirgar, ya ce ba zai tozarta ɗan'uwa ba, ya ci gaba da zuba kaya har shagonsa na asali ya bi na biyun.

Saboda haka a makon nan ka kira ƙaninka da wani dattijo da ku biyun kuke jin nauyinsa. Ka ce masa zuwa ka yi ku san inda kuke, kada ka buɗe baki da tuhuma. Ku ƙirga kaya, ku rubuta masu bashi da adadi da rana, kowa ya sa hannu. Kada ka ƙara tura masa ko ƙusa ɗaya sai an gama. Daga nan ka je wurin diloli da ƙafarka, ka gaya musu abin da za ka iya biya duk wata, ko kashi 10 ne na abin da suke binka. Dila ya fi haƙuri da wanda ya zo da takarda a kan wanda yake ɓuya, kuma aya ta 280 a surar nan ta umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci. Sadaka kuma ka rage ta zuwa abin da ba zai taɓa haƙƙin masu binka ba, domin biyansu wajibi ne.

Nafilarka da zikiri ka riƙe su, ban ce ka sassauta ba. Sai dai akwai wani bambanci da Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya yi tun a wancan zamani: akwai baƙin cikin da aka san sanadinsa, kamar asarar dukiya, akwai kuma wanda yake danne mutum ba tare da wani dalili a fili ba, wanda yake buƙatar a yi wa jiki magani. Ina kyautata zaton naka na farkon ne. Amma in an gama lissafi, an daidaita da diloli, sannan ka haura mako 2 ba barci, ba cin abinci, ba abin da yake maka daɗi, ka ga likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 5 cikin 100 na manya suna fama da ciwon damuwa, kuma yana jin magani. In har tunanin gara mutuwa ya fara zuwa maka, kada ka jira mako biyun, ka gaya wa wani na kusa ya raka ka asibiti a ranar.

Matarka ma ka zaunar da ita ka gaya mata halin da ake ciki, da adadin, in ka same shi. Tana shan faɗa a kan abin da ba ta san tushensa ba.